Ɗinki Bakwai

Da ruwa ya dawo Ollelewa bayan shekarar fari, babu mai iri, yunwa ta sa an daka shi an sha.

Wata tsohuwa ta tsuguna bayan madafi. Nan matar ɗanta ta jefar da ƙwaryar gero mai ɗinki bakwai, ranar da ta sayo ta roba a kasuwar Tanut.

"Inna, me kike nema a juji?" in ji matar ɗan nata.

"Ƙwaryata nake jira."

Kwana biyar tana zuwa. Ƙwaryar dai ƙasa ta riga ta cinye ta. Amma ƙwayoyin geron da suka maƙale a ɗinkinta shekara da shekaru sun tsiro, layi bakwai, kore shar, kamar wani ne ke ɗinke ƙasar da fari ya tsaga.