Furen Matar Bature

Da tsoho mai kula da lambun Bature ya ji kofaton dawakai a ƙofar gida, sai guga ya suɓuce masa. Bature da matarsa sun dawo daga rangadi, ga gindin katanga fayau, ko tsiro babu.

Wata biyu ke nan da matar ta shuka irin fure na ƙasarsu, ta ce masa in furen ya mutu, to ya nemi wani aikin. Safe da yamma yana ban ruwa. Amma kullum yaryaɗi ke fitowa, ciyawar nan da ya sha fama da ita a gonarsa ta Dundaye. Da ciyawar ta fara kama sandar da aka kafa wa furen sai ya tumɓuke, ya kai wa akuyarsa.

"Baba, ta ce ina furenta?" in ji tafinta.

Ya durƙusa. "Wallahi bai tsiro ba, ɗana. Haki ɗai ka hitowa wurin ga, ni ko ban bar ko guda ba."

Matar ta zaro takardar irin, ta nuna masa zanen furen.

Ya duba, ya sake dubawa. Yaryaɗi ne, sak wanda akuyarsa ta karya kumallo da shi yau da safe.