Layi a Wuyan Babana

Ban san fuskar mahaifina ba sai a jikin wani allon katako da ke rataye a ɗakin Inna, kakata, a Tsafe. Wani mai zanen manyan motoci a tashar Gusau ne ya zana shi tsaye gaban jirgin yaƙinsa, hularsa a hammata, bayan jirgin ya faɗi da shi a wata ƙasa.

Wata rana bayan La'asar, Baffa Sani, ƙanin mahaifina, ya shigo da gwangwanin baƙin fenti. Ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto, amma in an ja layi a wuya, shi ke nan, an kashe hoton.

Inna tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sani, ko gawarsa ba a kawo mani ba. Wannan kaɗai na samu, shi ne za ka yanka a gabana? Fitar mani da gwangwaninka."

Ya fita sumui-sumui.

Yau allon yana falona a Gusau. In baƙo ya ƙura masa ido ya gyara murya, nakan riga shi: "Babana ne. Fura za ka sha ko ruwa?"