Saƙar da Mahama Ya Datse

A zongon Sokode babu wanda bai san Mahama mai lantarki ba. Gidaje da shagunan da ya ja wa wuta ba su ƙirguwa, kuma ba a taɓa cewa aikinsa ya ba da kunya ba. Shi ya sa da amininsa Alhaji Alidu ya gina masana'antar matsar man gyaɗa a bayan garin Dapaong, kan hanyar Bombouaka, bai nemi kowa ba sai shi. A wannan tafiyar ce Mahama ya roƙa wa ƙanwarsa Husseina aiki a wurin, don mijinta ya rasu ya bar ta da marayu.

Injinan na zamani ne, masu sarrafa kansu. Akwai babbar gangar suyar gyaɗa, da na'urar da ke auna zafinta ta aika wa akwatin sarrafawa labari, shi kuma akwatin ya ƙara wuta ko ya rage. Wayar da ke ɗaukar wannan labari koriya ce. Da Mahama ya fere ta, sai ya ga siraran wayoyi a ciki, an naɗe su da wata saƙar ƙarfe mai kama da ƙananan kitso. Bai taɓa aiki da irinta ba.

Wani matashin injiniya mai suna Fayçal, wanda ya kawo injinan, ya durƙusa kusa da shi.

"Baba Mahama, wannan saƙar kada a yanke ta. A matse ta a maɗaurin ƙarfen da ke cikin akwati, ta samu ƙasa. Kuma kada koriyar ta bi hanya ɗaya da manyan wayoyin kuran, masu kai wa injin lantarki. In kana so in nuna maka kafin in wuce garin Kara."

A ransa Mahama ya so ya ji dalili. Amma leburori na tsaye suna kallo, Alhaji ma yana wurin. Sai ya yi murmushi.

"Ɗana, tun kana goye nake riƙe da waya. Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Fayçal ya ji nauyinsa, ya yi sallama ya tafi.

Da Mahama ya zo haɗawa, saƙar ta dinga warwarewa tana sukar yatsunsa, ta ƙi shiga inda yake so. Ya ɗauka kariya ce kawai daga ɓera. Ya sa almakashi ya datse ta tas. Sannan ya tattara koriyar da manyan wayoyin injin ya ɗaure su tare a hanya ɗaya, don aiki ya yi kyan gani. Aka gwada, fitilu suka kama, lambobi suka fito a allo. Alhaji ya yi ta sa albarka.

Kaka ta yi, matan ƙauyukan Tandjouaré suka fara kawo gyaɗarsu, aiki ya kankama. Husseina ce aka ɗora a kan gangar suya, aka koya mata duba allo. Wata rana ta kira yayanta a waya.

"Yaya, in aka tada babban injin matsa, lambar zafin nan sai ta yi ta tsalle, wani lokacin ta tsaya cik."

"Kuran ɗin gari ne ba ya zama. Kada ki damu, ki yi aikinki."

Ta yarda, don ba ta taɓa jin ya faɗi abu a kan wuta ya zama ba haka ba.

Ranar wata Laraba bayan azahar, lambar ta sake tsayawa a kan matsakaicin zafi, akwatin kuma ya ci gaba da ba ganga wuta. Husseina ta ji ƙauri. Ta dubi allo, ta ga komai daidai, sai ta buɗe ƙofar gangar don ta gani da idonta. Iska na shiga, gyaɗar ta kama da wuta, harshenta ya yo waje ya lashe mata hannuwa biyu da gefen fuska. Kafin a kashe gobarar, rabin gyaɗar matan ta zama toka.

Mahama ya taso daga Sokode a motar farko. Daga asibitin da aka kwantar da Husseina ya wuce masana'antar, ya tarar da Fayçal ya buɗe akwatin yana riƙe da bakin koriyar waya. Matashin bai ɗaga murya ba.

"Baba, manyan wayoyi suna da wata hayaniya da kunne ba ya ji. Saƙar nan ita ke tare ta, ta zubar da ita a ƙasa. Da babu ita, hayaniyar ta danne saƙon, akwatin ya zama kurma. Ni ma da laifina, da na dawo na duba."

Mahama ya zauna a kan wani buhu. Bayanin gaba ɗaya bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Alhaji Alidu bai kai shi ƙara ba, amma zumuncinsu ya yi sanyi. Husseina ta warke, sai dai yatsun hannunta na dama sun ƙage, ba ta iya riƙe ko ludayi. Tana zaune yanzu a gidan Mahama da 'ya'yanta. Kullum da safe matarsa ce ke ɗaura mata ɗankwali, shi kuma yana ji daga ɗaki Husseina na cewa, "Sannu, Allah ya saka da alheri." Ba ta taɓa zarginsa ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Jama'a, masu sana'a manya da ƙanana: zamani yana kawo kayan da gwanintar jiya ba ta san su ba. Cewa "ban sani ba, nuna mini" ba ya rage wa gwani daraja. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma ɓarnar da girman kai ke jawowa sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke ɗaukarta har ƙarshen rayuwarsa.