Wutar da Ta Rage a Talabijin

Shagon gyaran rediyo da talabijin na Baba yana Tudun Wada a Gusau, kullum cikin warin dalma yake. Wata rana ina yarinya, bayan Azahar na kai masa abinci, na tarar da wata tsohuwar talabijin a buɗe kan tebur. Filoginta na yashe a ƙasa, na gan shi da idona. Cikinta akwai wani ɗan abu baƙi mai kama da gwangwani, yana sheƙi. Na miƙa hannu zan taɓa.

Ban san lokacin da Baba ya cafke wuyan hannuna ba. Bai yi mini tsawa ba.

"Ɗiyata, tsaya ki gani."

Ya ɗauki sukundireba mai mariƙin roba, ya haɗa ƙafafun abin nan guda biyu da bakinta. Tas! Wuta shuɗiya ta yi tsalle, har bakin ƙarfen ya yi baƙi.

Na ce, "Baba, ai an cire ta!"

Ya ce, "Wannan kwandansa ce, aikinta ajiyar wuta. An cire waya, amma ita ba ta gama ba."

Sai ya wanke hannu ya buɗe kwanonsa hankali kwance. Shi da bai taɓa shiga aji ba.

Makon jiya ɗana ya miƙa hannu cikin buɗaɗɗiyar fanka, na cafke wuyan hannunsa. Muryar Baba, Allah ya jiƙansa, ita ce ta fito daga bakina.