Mai Duba Hawan Jinin Kulu

"To ki tafi Ingilar! Ke kaɗai ce likita a Enugu?"

Kulu ce, maƙwabciyata a unguwar Asata. Ba gulma nake ba, bangon ne ba kauri. 'Yarta Dakta Mu'minat ta samu aiki a asibitin gwamnati can Ingila, jibi za ta tashi.

"Inna, hawan jininki nake ji. Wa zai riƙa duba ki?"

"Dakta Nwosu mana! Shekara tara yana duba ni, har Hausa ya koya."

Na ƙara manna kunne.

"Inna, ai ya riga ni tafiya. Shi zai tarbe ni a can."

Gabana ya faɗi, don ni ma likitana ne. Kulu ta fita ta banko ƙofa.