Abin da Hamzat Bai Sha Ba

Hamzat ya ɗaga dilar atamfa shi kaɗai ya wurga ta bayan a-kori-kura, 'yan dako na tsaye suna kallon abincinsu yana wucewa. Duk layinsu a Kantin Kwari an san shi da wannan burga. Mutumin da a da iska ke kaɗawa, yanzu ga ƙirji ga damtse, gashin jiki har kafaɗa, ƙuraje sun feso masa a baya kamar sabon balaga.

"Zaki!" in ji Wali, maƙwabcin shagonsa. "To wai ina 'ya'yan zakin ne?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, don kada a gane ta shige shi.

Aurensa da Ummakulsum ya haura shekara goma, ko ɓari ba a taɓa yi ba. Kuma tun farko kowa ya yanke cewa matsalar tata ce, don a Fagge ba a kallon namiji mai irin wannan ƙirar a ce masa je ka a gwada ka. Ita ta sha ƙwayoyin da ke sa ƙwan mace ya nuna, har ganinta ya riƙa yin dishi-dishi. Daga nan aka koma allurai. Cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, maƙwabta suka fara yi mata barka da ido, wata ya ƙare, jini ya zo.

Saboda wutar unguwarsu ba ta da alƙawari, allurar tana zama ne a firijin Madam Chiamaka, mai kemis a Sabon Gari. Can Ummakulsum take hawa adaidaita ta je a yi mata, ta dawo da 'yar ledarta a ƙarƙashin hijabi.

Duk wannan bai sa ta fasa kula da shi ba. Kullum bayan magariba sai ya kwanta rub da ciki ta murza masa man zafi a kafaɗu da gadon baya, hannunta a cikin leda, wai man yana cin fata. Har gori yake yi wa Wali da wannan tausar.

Dokta Ikram, likitar da ke duba ta, ita ta ƙi ci gaba. Ta ce Ummakulsum ta doshi arba'in, ƙwan da ya rage mata kaɗan ne, ba za a ƙone shi a banza ba sai an gwada maigida. Ummakulsum ta kasa kai saƙon, likita ta kira shi da kanta.

Ya je shi kaɗai, yana tafiya kamar zai karɓi kofi.

Sakamako ya nuna babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a cikin maniyyinsa. Jininsa kuwa cike yake da sinadarin maza, har ya yi yawa.

"Wannan daga waje yake shigowa," in ji Dokta Ikram. "Idan jiki ya ga ana kawo masa, sai ya rufe shagonsa, ya daina yin iri. Allura kake yi ko ƙwaya kake sha?"

"Wallahi Likita, ko farasitamol sai an yi da ni."

"Haka duk kuke cewa, Alhaji. Ka daina. In ka daina, wataƙila cikin shekara ya dawo. Matarka ba ta da lokacin jira mai yawa."

Ya fito rana na dukansa. Yaya mutum zai daina abin da bai fara ba? Ya bar shayin mai kayan ƙamshi na bakin layi. Ya bar yajin tsire. Zumar da Wali ya kawo masa tsaraba ya juye ta a kwata, suka kwana biyu ba sa gaisawa. Abincin kasuwa ma ya yafe, sai wanda aka aiko daga gida.

Ummakulsum kuwa da ta tambaye shi, kansa a sunkuye yana cire takalmi, ya ce, "Likita ta ce lafiyata ƙalau. A ƙara haƙuri kawai."

Ta ce Alhamdu lillahi.

Damina ta wuce ya koma aka sake gwaji. Babu abin da ya canza. Dokta Ikram ta cire tabarau ta ce ba za ta iya taimakon mai ɓoye mata gaskiya ba, kuma ba za ta sake rubuta wa Ummakulsum allura ba. Ya tafi wurin malamai, ya sha rubutu har harshensa ya yi baƙi. Ƙarfi dai yana nan, kamar ana yi masa dariya da shi.

Ranar da jinin Ummakulsum ya sake zuwa, ya kwanta don tausa, ya kifa fuska a matashi. Tana murzawa ta ji kafaɗun nan da ke ɗaga dila suna rawa a ƙarƙashin hannunta. Ba ta taɓa ganin kukansa ba. Ta ci gaba da murzawa, don mace mai tarbiyya ba ta tona wa miji rauninsa, gyarawa take yi ba tare da ya sani ba.

Da safe ta hau adaidaita zuwa Sabon Gari, ko da yake babu sauran allurarta a firijin. Ta jira layi ya ragu, ta matsa jikin kantar kemis ɗin ta rage murya.

"Madam, man nan na sinadarin maza da nake cakuɗa masa a man zafi shekara da shekaru, ƙarfi ya zo amma ɗa bai zo ba. Daga yau ki riƙa ba ni biyu."