Kafin Shayi Ya Huce

Maigidana ya buɗe littafi, ya rufe bangon da tafin hannunsa. Shekara talatin muna wannan wasa: kowace safiya ya karanto layi ɗaya, ni kuma in faɗi marubucin kafin shayina ya huce. Ban taɓa faɗuwa ba.

Ya karanta. Na ji kaina wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

"Sake karantawa, Malam."

Ya sake karantawa. Tun watan jiya sunan cokali ma yakan ɓace mini, amma na ɓoye masa.

"Magudi ka yi, sabon littafi ne," na ce ina yaƙe. "Kuma ko waye, ya cika surutu."

Bai yi dariya ba. Shayin ya huce.

"Jiya ma shi na karanta miki," ya ce a hankali. "Da shekaranjiya."

Na fizge littafin na juya bayansa. Marubuciyar na murmushi a hoto, da ɗan tabo a haɓarta. Na kai hannu haɓata, yatsana ya sauka a kan tabon.